Dawarmu a cikin kwalbarsu: fashin baƙi kan rigimar giya, Hisbah da kuɗin VAT

Duk sanda Hisbah ta jibge kwalaben giya ta sa katafila ta bi ta kansu a Kano, to ka san kwana biyu ba za a huta ba a Facebook da X. 'Yan Kudu su ce kun fasa mana kaya amma ƙarshen wata kun garzaya Abuja karɓo kuɗin VAT ɗin giyar, wato harajin da mai saye ke biya a kan kaya, mu kuma mu ce ai mu ke ciyar da ku, daga nan sai zage-zage, kowa ya watse ba wanda ya ƙaru da komai. An yi haka a 2013 lokacin da aka fasa kwalabe 240,000, an sake yi a Fabrairun 2022 da aka fasa kusan miliyan huɗu a Tudun Kalebawa, da maganar sabuwar dokar haraji ta taso a 2024 kuma aka sake tono zancen daga tushe.

To shin gaskiya ne Arewa na cin kuɗin giya? In gaskiya ne, ta wace ƙofa kuɗin ke shigowa? Ni dai ba na sha, addinina ya hana, kuma ban zo kare masu sha ba. Amma gidanmu manoman dawa ne, abin da na gani da idona kuma ya nuna min cewa hannunmu a wannan harka ya wuce maganar VAT nesa ba kusa ba. Tudun Kalebawan da ake fasa kwalaben nan a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa yake, ƙaramar hukumar da kasuwar Dawanau take, inda tireloli ke loda dawa wadda wani kaso nata kai tsaye masana'antar giya zai nufa.

Ita kalmar giya ta haɗa abubuwa da yawa

Mu da ba mu sha komai sai mu ce giya ko barasa, a wajen hukuncin addini kuma haka ne, duk abin da ke sa maye sunansa ɗaya. Amma in ana maganar kasuwa da haraji da lafiyar jama'a dole a rarrabe, in ba haka ba za a yi ta gardama a kan abin da ba a sani ba.

Akwai giyar kwalba ta manyan kamfanoni, irin su Star da Gulder da Guinness da Trophy, wadda ake yi da tsiron hatsi a dafa a zuba yis ta tsima, ƙarfinta yawanci kashi biyar cikin ɗari ne ko sama kaɗan. Akwai ta gargajiya, burkutu da fito, da mata ke dafawa a tukunya da jar dawa, ita ce 'yan arewacin Gana ke kira pito, a arewacin Kamaru da Chadi a ce bilbil, a Burkina Faso a ce dolo. Sai kuma mai zafin, wadda ake tacewa da tururi, ogogoro da goskolo da duk waɗannan na cikin ƙananan ledoji, ita kam ƙarfinta ya ninka na giyar kwalba sau shida ko bakwai. Sai Maltina da Malta Guinness da Amstel Malta da muke rabawa a biki da suna da buɗa-baki, su ba a bar su sun tsima ba don haka ba sa sa maye, sai dai kamfanonin giyar nan ne dai suke yin su, da irin tsiron da suke yin giyar, kuma ribar asusu ɗaya take shiga. Mutane da yawa ba su taɓa tsayawa sun karanta bayan gwangwanin ba.

Yadda aka yi dawa ta shiga kwalba

Asali da sha'ir ake giyar Turawa, shi kuma ba ya yi sosai a ƙasarmu, don haka tun da Nigerian Breweries ta fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, da Guinness ta kafa masana'antarta a Ikeja farkon shekarun 1960, tsiron sha'ir daga Turai ake shigowa da shi. Haka aka yi ta tafiya har kuɗin mai ya karye, dala ta yi wuya, gwamnatin Babangida a ƙarƙashin shirin tsuke bakin aljihu na SAP ta haramta shigo da tsiron sha'ir a 1988. Kamfanonin suka rasa yadda za su yi, ko su rufe ko su nemo hatsin gida, sai suka juyo kan dawa da masara.

Abin bai zo musu da sauƙi ba, domin dawa ba ta narkewa a tukunya kamar sha'ir, sai da suka canja injina da yadda suke dahuwa, suka kuma shiga neman irin da zai yi musu. A nan cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru a Zariya ta shigo, irin kaura gajera da ake kira SK5912 da kuma farafarar CSR-01 da CSR-02 duk suna cikin waɗanda masana'antu ke so. Daga baya an ɗage haramcin shigo da sha'ir, amma kamfanonin ba su saki dawa ba, ta fi araha kuma ba ta buƙatar dala. Nigerian Breweries har masana'antar yin tsiro ta mallaka a Aba da kuma Kudenda a Kaduna, ita Kaduna ma tun 1963 akwai masana'antar giya a Kakuri, wadda kamfanin ya dakatar da aikinta a 2024 bayan faɗuwar naira ta ja masa asarar sama da naira biliyan 100 a 2023.

Ma'ana dai, sama da shekara talatin ke nan manomin Kaduna da Kano da Katsina da Bauchi da Neja yana cikin wannan sarƙa, ko ya sani ko bai sani ba. Ba duk dawar masana'anta ce ke zama giya ba, wata lemon malta take zama, wata ta tafi kayan shayi irin na gwangwani, wata abincin kaji, kuma mafi yawan dawar da muke nomawa har yanzu tuwo da kunu take ƙarewa. Amma masu sayen tirela-tirela su ke motsa farashi da kaka.

Abin da ya faru a gonar kawuna

Wata shekara wani ejan ya zo ƙauyenmu da iri da taki bashi, sharaɗin shi ne in an girbe shi za a sayar wa. Kawuna ya karɓa, dawa kuwa ta yi kyau, farafara ce tas. Ranar awo na je taya shi, ejan ɗin ya zo da sikeli da wata 'yar na'ura da yake cusawa cikin buhu yana duba laima, ya sa a zazzage buhu biyu a kan tabarma yana yatsina wai akwai tsakuwa da ƙaiƙayi, ya zaftare kuɗin, ga shi ba damar kai ta kasuwa tunda an ci bashin taki. Ana cikin ɗaurin buhuna sai direban motar ya faɗi sunan garin da za su kai kayan, wani yaro da ya taɓa aikin lodi a can ya ce ai wajen masu giya ne. Kawu ya yi shiru, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, bai ce komai ba har motar ta tashi. Da daddare ya kira ni ya ce, ɗana, kai da ka yi boko, kuɗin nan ya halatta in kai su Makka? Na ce Kawu wannan tambayar malamai ce ba tawa ba.

Kuma malaman sun daɗe da magana a kai, don tun zamanin da ake tambayar hukuncin sayar da inabi ga mai matse shi ya yi giya. Hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya sananne ne, ciki har da mai matsa ta da mai ɗaukarta da mai sayarwa da mai cin kuɗinta. Malikawa, mazhabar da mafi yawanmu ke bi, da Hambalawa sun hana ka sayar wa wanda ka san giya zai yi da kayan, an ruwaito sassauci daga Imam Abu Hanifa kan cewa shi ɗanyen kayan ba shi ne abin saɓon ba. Wanda ya kai buhunsa kasuwa ya sayar wa duk wanda ya taya, bai san inda za ta ƙare ba, kusan ba mai ɗora masa laifi. Matsalar tana wajen noman kwantiragi, inda akwai takarda, akwai mai saye guda ɗaya, sai dai shi manomin ba a gaya masa ko waye a ƙarshen layin.

Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai a duk harkar. Mutum yana da haƙƙin sanin wa yake noma wa. Akwai manoman da ko an gaya musu za su sayar, Kiristoci ne ko Musulmin da suka gamsu da fatawar da ta sassauta ko waɗanda suka ce ai malta ake yi da ita, wannan tsakaninsu da Ubangijinsu. Akwai kuma irin kawuna da in da ya sani ko ƙwaya ba zai karɓa ba. A ɓoye masa ta hanyar jera dillalai uku ko huɗu tsakaninsa da masana'anta, sannan a zaftare masa farashi a kan tabarmarsa, wannan zalunci biyu ne a haɗe.

Tukunyar burkutu da abin da ake kira giyar kiraft

A 'yan shekarun nan wata kalma ta shigo bakin 'yan gayun Legas da Abuja, giyar kiraft, wato giyar da ƙaramin mai sana'a ke dafawa kaɗan-kaɗan da ɗanɗanon da ya ga dama, saɓanin ta manyan kamfanoni da ke fitowa iri ɗaya miliyoyin kwalabe. Daga Amurka da Ingila abin ya taso. A Ingila masu zuwa mashayar unguwa ne suka kafa ƙungiyar CAMRA a 1971 don sun ga manyan kamfanoni na kashe giyar gargajiyarsu, a Amurka kuma Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida a 1978, daga masana'antu ƙasa da ɗari a lokacin yanzu sun haura 9,000. Da manyan suka ga kasuwa na zillewa sai suka fara saye ƙananan suna barin sunan a jikin kwalba, AB InBev ta saye Goose Island ta Chicago a 2011, Heineken ta saye rabin Lagunitas a 2015 ta ƙarasa a 2017, mashaya suka yi ta ƙorafi cewa ana sayar musu da kayan babban kamfani da rigar ƙaramin. A Najeriya ma akwai irin wannan ƙaramar masana'anta da ta fara a Abuja a 2017 kafin ta kafu a Legas, sunanta ma na Hausa ne, Bature.

Na kawo wannan ne don in ka cire kwalliyar, abin da ake yabo a giyar kiraft shi ne abin da matan Filato da kudancin Kaduna da Taraba da Adamawa da Maguzawan ƙasar Kano da Katsina suka gada kaka da kakanni. Lokacin da nake karatu a Jos ɗakina na kusa da gidan wata mata mai dafa burkutu, ban taɓa shiga ba amma ta katanga nake ganin aikin. Ta jiƙa jar dawa, ta shimfiɗa ta rufe da buhu tana yayyafa ruwa har ta tsiro, ta shanya, ta kai inji, sannan ta kwana tana iza itace a ƙarƙashin manyan tukwane, hayaƙi ya sa idonta ja wur, sai ta bar ta ta yi tsami ta sake dafawa ta zuba tsohon tsimi. Kusan mako guda aikin ke ci, kuma in ba ta sayar cikin kwana ɗaya ko biyu ba ta lalace. Da yamma za ka ga dattawa a kan benci kowa da ƙoƙonsa, ana maganar gona da siyasa da rikicin unguwa. Da wannan tukunyar ta biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta, ni shaida ne, kuma ni shaida ne cewa akwai magidantan da suka ƙarar da albashinsu a kan bencin nan matansu na zuwa suna kuka a ƙofa. Duka biyun gaskiya ne.

Ita wannan matar ba ta da lasisi, ba mai auna ƙarfin abin da take sayarwa ko tsaftar ruwan da take amfani da shi, ba kuma mai kare ta. Manyan kamfanoni kuwa sun daɗe da ƙyalla ido kan kwastomominta. A Yuganda an fito da Eagle Lager ta dawa a 2002, a Kenya Senator Keg a 2004, a Mozambik da Gana aka yi ta rogo, duk da rangwamen haraji daga gwamnati, hujjarsu ita ce ana taimakon manoma ana kuma janye talaka daga giyar da ba a san me ke ciki ba. Akwai ƙamshin gaskiya a hujjar, amma abin da take nufi a aikace shi ne kuɗin da ke zagayawa a hannun matan unguwa ya koma hannun masu hannun jari, kuma a ƙara yawan masu sha, don ba kamfanin da ke zuba jari don kasuwarsa ta ragu.

To ina maganar VAT ɗin?

Harajin VAT ya fara aiki a Janairun 1994 a kan kashi 5, aka ɗaga shi zuwa 7.5 a 2020. Mai saye ne ke biya, kamfani ya tara ya miƙa wa gwamnatin tarayya, a zuba a tukunya guda a raba. Ba a ware na giya daban, na katin waya da na siminti da na banki da na giya duk a cakuɗe suke. A tsohon tsari tarayya na ɗaukar kashi 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35, shi kuma kason jihohin rabinsa daidai wa daida ake rabawa, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 20 bisa inda kuɗin ya fito. Saboda haka amsar tambayar farko ita ce e, a cikin abin da Kano da Zamfara da sauran jihohin shari'a ke karɓa akwai kuɗin da ya fito daga giya, har da harajin da kwastan ke karɓa a ƙofar masana'anta wanda shi ma asusun tarayya yake shiga. Musun wannan ba zai amfane mu ba.

'Yan Kudu suna da magana mai nauyi, musamman ɗan kasuwar Sabon Gari da ba Musulmi ba, ya sayi kaya da aka riga aka biya wa haraji, aka tare motarsa a hanya aka fasa, jarinsa ya tafi. Irin wannan ƙorafin ne ya ƙara wa Wike ƙarfi lokacin da yake gwamnan Ribas ya kai ƙara, babbar kotun tarayya a Fatakwal ta ce a 2021 jihar na iya karɓar VAT ɗinta da kanta.

Mu ma muna da tamu. Hana giya a Arewa ba da shari'ar Zamfara ta 1999 ya fara ba, tun Turawan mulkin mallaka sun ayyana mafi yawan Arewa yankin da aka taƙaita sayar da barasa. Sannan kayan abinci na yau da kullum ba a ɗora musu VAT, wato buhun dawa da masara da tumatir da shanun da ke gangarawa Kudu ba sa bayyana a lissafin abin da jiha ta kawo, amma da zarar dawar nan ta zama kwalba sai harajinta ya hau littafin wata jihar. A tsohon tsarin ma inda hedikwatar kamfani take nan ake rubuta kuɗin, katin wayar da aka saya a Kantin Kwari sai ya zama na Legas. Wannan ne ya sa gwamnonin Arewa suka yi fatali da ƙudirin farko na sabuwar dokar haraji a taronsu na Kaduna a Oktoban 2024, lokacin da aka so a mayar da kashi 60 bisa inda kuɗin ya fito. Abin da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ya rage kason tarayya zuwa 10, jihohi suka samu 55, a tsakaninsu kuma rabi daidai wa daida, kashi 20 yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Ga talaka abin da wannan ke nufi shi ne jihar da aka fi shan giya za ta ɗan fi amfana da harajinta fiye da da, jihar da aka fi sayen kati da siminti da lemo ita ma haka, amma tukunyar har yanzu a cakuɗe take. A ganina jihar da ta haramta giya da gaske tana iya neman a ƙididdige mata kason ta ware shi, ko don ta toshe bakin masu gori, ban ga wadda ta nema ba.

Wadda katafila ba ta takawa

Yayin da ake ta faɗa kan kwalba, abin da ya fi illa ya riga ya shige aljihun yaranmu. Je ka tashar mota da asuba, a kan tiren mai sayar da alawa da sigari za ka ga 'yan ledoji a jere kamar na man shafawa, wasu da sunan maganin basir ko na ƙarfin maza, kuɗinsu bai kai na kwalbar lemo ba, direba ya yage da haƙori ya tsotse ya jefar kafin ya tada mota, ɗan acaɓa haka, ɗan makaranta ya sa a aljihun wando ba mai gani. Wannan ba ta dawa ba ce, ba ta wari irin na burkutu, ba ta ƙara a bayan mota balle a tare ta a shingen bincike, kwali ɗaya ya ɗauki ɗaruruwa.

Hukumar NAFDAC ta yi yarjejeniya da masu yin ta tun 2018 cewa za a daina cikin shekara biyar, wa'adi ya cika ƙarshen Janairun 2024 ta fara aiwatar da haramcin leda da ƙananan robobin da ba su kai mililita 200 ba, ƙungiyar masu masana'antu da 'yan ƙwadago suka taso da maganar asarar ayyuka, majalisar wakilai ta sa baki, aka ɗage a wancan lokacin. Masu adawa da haramcin na cewa in an hana ta leda mutane za su koma ta ɓoye, kuma tsoron ba na banza ba ne, a 2015 ogogoro mai guba ta kashe mutane da dama a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas, wasu suka makance, mutanen Jos kuma sun san abin da goskolo ta yi wa samarin unguwanninsu, hanta da ƙoda a lalace tun mutum bai kai talatin ba. Amma ita ledar an ƙera ta ne daidai aljihun wanda ba shi da kuɗin kwalba kuma ba ya son a gan shi, a garuruwanmu kuwa wannan mutumin yawanci yaro ne da sunan Musulmi, uwarsa na gida tana zaton ya tafi neman na cefane.